Shaidar da Aka Baro a Daji: Rikicin Jinsin Cyathea

A cikin kwazazzaban Afirka ta Kudu masu duhuwa da danshi akwai wata bishiya da masana tsirrai suka raɗa wa suna har sau biyar. Ɗan masanin tsirrai Linnaeus ne ya fara, a farkon shekarun 1780, ya ce sunanta Polypodium capense. A 1793 aka mai da ita Cyathea capensis. Aka zo aka kira ta Hemitelia capensis, sannan Alsophila capensis, a 2018 kuma masana a ƙasar Sin suka ce Gymnosphaera capensis ce. Kalmar farko a irin wannan suna ita ce jinsi, wato rukunin da ake ganin tsiro ya fi kusa da shi ta wajen asali. Ke nan duk lokacin da sunan ya sauya, wani masani ne ya duba ya ce waɗanda aka haɗa ta da su a baya ba su ne 'yan'uwanta na kusa ba. Bishiyar dai tana nan yadda take. To me waɗannan mutane suke dubawa, kuma me ya sa kowa ke ganin abin da na gabansa bai gani ba?

Bishiyar tana cikin tsirran da ake kira fan, waɗanda ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba su da ƙwayar iri. Wata ƙura ce mai laushi ke zubowa daga bayan ganyensu, iska ta kwashe ta, in ta faɗa inda ke da laima sai zuriya ta ci gaba. Yawancin fan ba sa wuce gwiwa ko ƙugu. Amma akwai wani dangi, Cyatheaceae, da ke miƙewa su yi kututture, har mai hango su daga nesa ya zaci kwakwa ce. A tsibirin Norfolk da ƙasar New Zealand akwai masu kai mita 20, ganye ɗaya kuma ya kai mita 5. Kututturen ba katako ba ne irin na maɗaci ko ɗorawa. Siririn kara ne a tsakiya, ƙananan saiwoyi baƙaƙe suka sarƙe suka lulluɓe shi, su ke taimaka masa ya tsaya. Nau'o'insu sun haura 600, mafi yawa a duwatsu masu hazo da yawan ruwan sama, irin su tsaunukan Andes, New Guinea, Borneo da Madagaska. A Nijeriya ma akwai su, a bakin rafukan tsaunin Mambila da kan tudun Obudu.

Wurare biyu ne a jikin bishiyar suka haddasa rikicin. Na farko yana bayan ganye. In ka kifa ganyen da ya ƙosa za ka ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a jere, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Kowane ɗigo tarin 'yan jakunkuna ne da ƙurar iri ke ciki. A wasu nau'o'in wata siririyar fata ta taso daga ƙasan ɗigon ta kewaye shi, ta zama ƙoƙo. A wasu ta rufe shi ruf, sai ya nuna take fashewa. A wasu rabi kawai ta fito ta gefe ɗaya, a wasu kuma babu ita sam, ɗigon yana tsirara. Wuri na biyu yana can gindin karan ganye, inda ya manne da kututture. Nan za ka tarar da ɓamɓaroki sirara masu sheƙi, ruwan ƙasa ko fari-fari, sun yi cunkus, wani lokaci gauraye da ƙayoyi. An daɗe ana jayayya a kan wanne za a gaskata, ƙoƙon ko ɓamɓarokin.

Ƙoƙon ne ya fara cin kasuwa. James Edward Smith, Baturen Ingila da ya sayi littattafai da busassun tsirran Linnaeus a 1784, shi ne ya ƙirƙiro jinsin Cyathea a wata maƙala da aka buga a birnin Turin na Italiya a 1793, ya ɗauko sunan daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaramin kofi. A wurinsa fan ɗin da ɗigonsa ke zaune cikin ƙoƙo ɗan wannan jinsi ne. Tun ranar farko ma'aunin ya nuna rauninsa, domin tare da manyan bishiyoyin tsibiran Karibiyan, Smith ya cusa wani ɗan fan na tsagar duwatsun Turai da bai wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, wanda yau ake kira Cystopteris fragilis, kuma nesa yake da su ƙwarai ta wajen asali. A 1810 Robert Brown, bayan ya dawo daga kewaya gaɓar Ostareliya, ya ƙara jinsi biyu, tsarin ya zama uku: mai cikakken ƙoƙo Cyathea, mai rabi Hemitelia, marar ƙoƙo Alsophila. Tsari ne mai daɗin koyarwa da sauƙin amfani. William Hooker, shugaban lambun Kew, da John Baker suka ƙarfafa shi a littafinsu Synopsis Filicum na 1868, Carl Christensen na Denmak kuma ya bi sahu a babban jerin sunayen fan na duniya da ya kammala a 1906.

Amma masu aiki da shi sun san yana yoyo. Sai a sami bishiyoyi biyu da suka yi kama ta kowace fuska, an raba su jinsi biyu don ɗaya na da ƙoƙo ɗaya babu. Akwai nau'o'in da ƙoƙonsu ƙarami ne ainun, jakunkunan iri sun danne shi, sai an kankare ɗigon ake ganinsa. Wanda bai kankare ba ya rubuta Alsophila, wanda ya kankare ya rubuta Hemitelia. Akasin haka ma ya faru. A New Zealand mutanen Maori sun daɗe da bambanta ponga, mai farin bayan ganye kamar an shafa azurfa, da mamaku, mai baƙin kara mai kauri, wanda suke dafa ɓargon kututturensa su ci. Ba wanda ya taso a dajin nan zai rikita su. Tsarin ƙoƙo kuwa ya zaunar da su jinsi ɗaya, tunda dukansu na da shi cikakke. Wajen 1930 Karel Domin na birnin Prag ya ga tufka da warwarar ta isa, ya zuba kowa da kowa cikin Cyathea.

Tambayar da ta fi damuna ita ce me ya sa ma'aunin da kowa ya ga yana yoyo ya yi mulki shekara 120. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne gadon Linnaeus. Shi ya koyar cewa a gaɓoɓin haihuwa ake gane dangantakar tsirrai, fan kuwa ba shi da fure, sai ɗigon iri ya maye gurbinsa. Smith magajin akwatunan Linnaeus ne, ba mamaki ya gaji tunaninsa. Bayanin yana da ƙarfi, sai dai bai rufe ko'ina ba. Tun 1836 Carl Presl ya fitar da tsarin fan da ya dogara da yadda jijiyoyin ganye ke tafiya, Antoine Fée a Faransa ma ya bi irin wannan hanya. Ke nan akwai masu neman wata shaida ban da ɗigon iri. Hooker bai yarda da yawan jinsunan da suka ƙirƙiro ba, kuma muryar Kew ta rinjayi tasu. Wannan ya nuna mana yadda ƙoƙo ya yi nasara. Bai nuna mana abin da ya hana Presl da kansa, mai ido a kan jijiya, ya gina tsarin waɗannan bishiyoyi a kan ɓamɓaroki ba.

Wasu za su ce rashin kayan aiki ne, ai sai da madubin ƙara girman abu ake ganin ƙirar ɓamɓarokin. Na bi wannan hanya ban ga ta ɓulle ba. A tsakiyar ƙarni na 19 Georg Mettenius na Leipzig yana yanka jikin fan yana nazarin cikinsa a ƙarƙashin madubi, abubuwan da ya gani kuwa sun fi gefen ɓamɓaroki ƙanƙanta. Wanda zai iya hango rabin ƙoƙo a ƙarƙashin ɗigon da bai kai gero ba, zai iya hango farin gefen ɓamɓarokin da ya kai santimita 2 ko 3.

Bayani na uku ya fi kama hankalina, kuma girman takarda ne tushensa. Takardar da ake manna busasshen tsiro a kai a ma'ajiyar tsirrai ba ta wuce santimita 42 a tsaye ba. Ganyen bishiyar fan kuwa mita 3 ne, ko 4, ko 5. Mai tattara tsirrai da ya hau dutse cikin ruwan sama, da takardun busarwa ƙididdigaggu, dole ya zaɓi abin da zai yanka. Sai ya yanki reshe ɗaya ko biyu daga tsakiyar ganyen, inda ɗigon iri yake. Gindin karan kuwa, mai kauri da ƙaya da wuyar bushewa, wanda sau da yawa sai an hau bishiyar ko an sare ta ake kai gare shi, aka baro shi a daji. Da yawa daga cikin masanan Landan da Berlin da Paris da suka raɗa sunayen nan ba su taɓa ganin bishiyar a dajinta ba. Abin da aka kawo musu shi suka auna. Yadda guntun samfur ke ruɗarwa ya fito fili a kan bishiyar nan ta Afirka ta Kudu. A gindin karan ganyenta akwai wasu 'yan ganyaye yaga-yaga da ba su yi kama da sauran ganyen ba ko kaɗan, har aka taɓa ɗaukar su wani tsiro ne daban, aka ba su suna a jinsin Trichomanes.

Wannan bayani ma yana da ɓaraka. Ƙananan ɓamɓaroki suna nan a jikin jijiyoyin ganyen da aka kawo, da yawansu ɗauke da alamomin da manyan ke ɗauke da su. Wasu samfurori sun zo da gindinsu. Lambunan Turai kuma na da bishiyoyin da ransu a ɗakunan gilashi tun ƙarni na 19. Ba za a ce shaidar ta ɓata gaba ɗaya ba. Abin da nake gani shi ne bayani na farko da na uku sun riƙa ciyar da juna. Littafi ya ce asiri yana cikin ɗigon iri, sai mai tattarawa ya yanko ɗigon iri. Ma'ajiya ta cika da ɗigon iri, sai marubucin littafi na gaba ya tarar babu abin da zai iya kwatantawa a dukkan samfurorin sai shi. Ba mai iya auna yawan abin da aka rasa ta wannan hanya, domin 'yar takardar da ke jikin samfur abin da aka ɗauko take faɗi, ba ta faɗin abin da aka bari. Akwai tsofaffin sunaye da har yau ake tababa a kansu saboda samfurin da aka kafa sunan a kai guntun ganye ne kawai, ba gindi.

Wanda ya juya akalar binciken mutum ne da ya zauna da bishiyoyin. Richard Eric Holttum ya isa Singafo a 1922, ya shugabanci lambun tsirrai na birnin daga 1925 zuwa 1949. Ko a shekarun da sojojin Japan suka mamaye tsibirin, 1942 zuwa 1945, cikin lambun ya zauna yana rubutu. Ya lura cewa ɓamɓarokin iri biyu ne. A ƙarƙashin madubi, wasu ƙwayoyin halittarsu duk ƙira ɗaya ne daga tsakiya har baki, bakin kuma da 'yan tsinkaye a jere. Wasu kuwa tsakiyarsu duhu da kauri, gefensu fari-fari mai rauni, ƙwayoyinsa sun sha bamban da na tsakiya. Da ya jera nau'o'i bisa wannan, sai wasu siffofin suka bi layi, ƙoƙon kuwa ya watsu, akwai masu shi da marasa shi ta kowane ɓangare. Ashe an daɗe ana neman asalin mutum a hular da ke kansa, alhali tsagar gado tana kuncinsa. A aikinsa na 1963 kan yankin da ya haɗa Malesiya, Indunusiya, Filifin da New Guinea, inda ya bi nau'i kusan 190, Holttum ya riƙe jinsi ɗaya tak, Cyathea, ya raba shi gida biyu bisa ɓamɓaroki.

Bayan shekara bakwai, Rolla Tryon na Jami'ar Harvard ya ɗauki shaidar nan ya yanke hukunci daban. Ya ba wata alama muhimmanci: a cikin masu farin gefe, wasu na da baƙin tsinke a ƙarshen ɓamɓarokin, wasu babu. A 1970 ya fitar da jinsi shida. Masu ɓamɓaroki bai-ɗaya su ne Sphaeropteris, masu tsinke Alsophila da Nephelea, marasa tsinke kuma Cyathea da Trichipteris da Cnemidaria. Biyar daga cikin sunayen tsofaffi ne ya ba su sabuwar ma'ana, har Alsophila da aka ƙirƙira domin marasa ƙoƙo ta cika da masu ƙoƙo. Amma Tryon bai saki ƙoƙon gaba ɗaya ba, domin shi ne ya raba masa Cyathea da Trichipteris.

Saɓanin mutanen biyu ya wuce ƙidayar jinsi. Holttum ya ce rabin ƙoƙo shi ne ƙirar kakanni, an gaje shi daga tsirrai irin Dicksonia, daga shi wasu suka cika shi wasu suka zubar. Tryon ya ce tsirara aka fara, ƙoƙo daga baya ya zo. Holttum bai yi shiru ba. A 1983, yana da shekara kusan 88, shi da Peter Edwards suka mayar da martani a cikin nazarinsu kan bishiyoyin fan na Dutsen Roraima. Me ya sa ƙwararru biyu masu gaskiya suka dubi abu ɗaya suka yi hannun riga? Zatona inda kowa ya tsaya ne. Tryon ya fi sanin dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda wasu rukunoni kamar Cnemidaria, gajeru masu sarƙaƙƙun jijiyoyi, suka fita daban ƙuru-ƙuru. Holttum ya fito daga Asiya, inda ɗaruruwan nau'o'i ke shiga cikin juna a hankali. Wannan hasashe ne nawa, ba hujja ba.

Abin da ya fara ɓamɓare tsarin Tryon daga cikin gidansa ya fito. Ɗalibinsa Gerald Gastony ya fasa jakunkunan iri ya ƙirga abin da ke ciki. Galibin fan na da ƙwayar ƙura 64 a kowace jaka, amma a Nephelea da mafi yawan Alsophila 16 ya samu, alamar da ta ɗaure su wuri ɗaya. Wani ɗalibin, David Conant, ya tarar a dazuzzukan Puerto Rico jinsunan biyu suna aure a tsakaninsu, 'ya'yan kuma suna haihuwa. A 1983 ya mai da Nephelea cikin Alsophila. An ga irin wannan ruwa-biyu tsakanin Cyathea da Cnemidaria ma. A 1987 David Lellinger ya narkar da Trichipteris cikin Cyathea. An gwada ƙirga zarurrukan gado, wato kuromosom, tunda a wasu dangogin fan lambarsu na raba rukuni da rukuni. A nan ba ta yi magana ba, domin kusan duk nau'in da aka ƙirga tagwaye 69 ake samu.

Holttum ya rasu a 1990, bai ga abin da ya biyo baya ba. Tsakanin 1994 da 1996 Conant da abokan aikinsa suka fara kwatanta sinadarin gado na DNA, a 2007 kuma Petra Korall ta ƙasar Suwidin da Kathleen Pryer da sauransu suka fitar da bishiyar asali mai faɗi. Rabuwar farko, mafi zurfi, ta faɗo inda Holttum ya ja layinsa: Sphaeropteris a gefe ɗaya, masu farin gefe duka a ɗaya gefen. Mamaku da ponga suka faɗa ɓangarori daban-daban na wannan tsohuwar tsaga. A cikin masu farin gefe, tsinken Tryon ya tabbata alama ce mai amfani. Cnemidaria da Trichipteris kuwa a tsakiyar Cyathea aka same su. Ƙoƙon ma bai fita hannu wofi ba, domin masu binciken sun ga ko da yake ƙirarsa ta maimaita kanta sau da yawa a rassa daban-daban, tana taimakawa wajen gane wasu rukunonin.

Kada mai karatu ya ɗauka ɓamɓaroki ya fita ba tabo. Akwai rukunin nau'o'in Amurka ta Kudu da Tryon ya sa a Sphaeropteris saboda ɓamɓarokinsu ya yi kama da bai-ɗaya, DNA ta nuna 'yan Cyathea ne. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne Hymenophyllopsis, wasu 'yan tsirrai nau'i 8 ko kusa da haka, da ke maƙale a tsagar duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai na Benezuwela da maƙwabtanta. Ba su da kututture, ganyensu sirara ne har ba su da ƙofofin numfashi, an ma ba su dangi nasu na kansu. Su ma a cikin Cyathea suka faɗo, a 2009 aka sauya musu suna. Bishiyoyi ne da suka koma ƙanana. Ba ƙoƙo ba ɓamɓaroki da ya isa ya tona wannan shi kaɗai.

Saura ƙulli ɗaya da ya ƙi kwancewa. Binciken 2007 ya nuna masu farin gefe sun kasu uku: Cyathea, Alsophila, da Gymnosphaera, rukunin da Carl Blume ya raɗa wa suna tun 1828 daga tsibirin Java, wanda bishiyar Afirka ta Kudun nan ta jingina da shi. Amma bai iya faɗin wanne biyu cikin ukun suka fi kusa da juna ba. Rassa uku suka fito daga wuri ɗaya. Me ya sa?

Ana iya cewa samfurin ya yi kaɗan, tunda nau'i sittin da 'yan kai aka gwada cikin fiye da 600. Gaskiya ne, amma ƙarin nau'o'i ya fi gyara ƙananan rassa, ba lallai ya haskaka tsohuwar mahaɗa ba. Bayani mafi ƙarfi ya zo a 2010, lokacin da Korall da abokanta suka nuna cewa tun da kakannin waɗannan tsirrai suka zama bishiyoyi, sauyin DNA ɗinsu ya ragu ƙwarai, wataƙila don suna daɗewa kafin tsara ta maye tsara. In sauyi na tafiya a hankali, rassa ukun kuma suka rabu kusa da kusa, to alamun da suka bari tsakanin rabuwa ta farko da ta biyu kaɗan ne. Akwai kuma batun aure. DNA ɗin da aka fi gwadawa a lokacin na cikin koren sinadarin ganye ne, wanda a fan ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. In tsofaffin rassan sun taɓa yin aure a tsakaninsu, kamar yadda jikokinsu ke yi a Puerto Rico, to tarihin uwa zai iya saɓa wa tarihin sauran jiki. Bayanan nan biyu ba sa kore juna. A 2022 an karanta dukkan DNA ɗin nau'i ɗaya, Alsophila spinulosa ta Asiya, haruffa fiye da biliyan 6, amma nau'i ɗaya ba ya warware dangantakar rassa uku.

Sai a koma ga duwatsu, ko burbushin da suka adana zai yi magana. Lissafin Korall da Pryer na 2014 ya sa rabuwar rassan da ke raye a kusan shekara miliyan 96 da suka wuce, lokacin da tsohuwar nahiyar kudu, Gondwana, ke tsattsagewa. A tsibirin Vancouver na Kanada an sami burbushi da ya girmi wannan lokaci, aka bayyana shi a 2003 da sunan Cyathea cranhamii. An adana shi da kyau har ana ganin cikakken ƙoƙo a rufe da ƙwayar ƙura a cikin jakunkunansa. Wannan ya nuna cikakken ƙoƙo tsoho ne ƙwarai, abin da bai yi wa rabin ƙoƙon Holttum daɗi ba, bai kuma yi wa tsiraicin Tryon ba, ko da yake burbushi ɗaya ba ya yanke hukunci. Abin da aka samu kuwa guntun ganye ne mai ɗigon iri. Gindin kara da ɓamɓarokinsa bai zo ba, giɓin da ke ma'ajiyar tsirrai shi ne a cikin dutsen ma.

A 2016 masana fan 94 daga ƙasashe daban-daban suka haɗu a kan tsari ɗaya. Suka amince da jinsi uku: Alsophila mai nau'i kimanin 275, Cyathea 265, Sphaeropteris 103, suka bar Gymnosphaera cikin Alsophila. Bayan shekara biyu Dong Shi-Yong da Zuo Zheng-Yu suka fitar da ita ta tsaya da ƙafarta. Masanan New Zealand kuwa, a littafin tsirran ƙasarsu, sun riƙe jinsi ɗaya irin na Holttum. Shi ya sa ponga, wadda hotonta ke ƙirjin rigar 'yan wasan ƙasar, ke yawo da suna uku: Cyathea dealbata, Alsophila dealbata, Alsophila tricolor. Hujjar masu jinsi ɗaya ba ta raini ba ce. Duk waɗannan bishiyoyi daga kaka ɗaya suke, sunan da mutane suka saba da shi yana da daraja, kuma akwai jinsunan fan masu nau'i 600 ko 700, irin Elaphoglossum da Asplenium, da aka bari a dunƙule. Doka ma ta shigo ciki. Ana sare kututturen nan ana yin tukwanen furanni da abin dasa furen okid, don haka yarjejeniyar CITES ta sa ido a kan cinikinsu da sunan Cyathea, har dokokin aiwatar da ita kan ƙara bayanin cewa sunan ya haɗa da Alsophila da Sphaeropteris da sauransu, don kada sauyin suna ya buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri ƙofa.

A nan na ga an cakuɗa tambayoyi biyu. Wa ya fi kusa da wa, wannan shaida ce ke amsa ta, kuma ta amsa mafi yawanta. Ina za a ja layin jinsi, wannan hukunci ne na mutane. Amma hukuncin ma akwai mai ƙwari da mai rauni. Jinsi ɗaya yana tsaye ko ta ina ƙullin nan ya kwance. Jinsi huɗu ma haka, tunda kowane reshe cikakke ne a kan kansa. Jinsi uku ne kaɗai ya jingina da cewa Gymnosphaera da Alsophila sun fi kusa da juna, abin da binciken 2007 bai tabbatar ba. Ni ina tare da masu huɗu, domin sunaye huɗun suna ɗauke da ilimin da aka sha wuya kafin a samu, suna ɗaya kuwa yana binne shi.

Wannan tsari yana da sakamako a nahiyarmu. Gustav Mann, Bajamushen da Kew ta aiko Afirka ta Yamma a 1859 don wata tawagar bincike ta kogin Kwara, ya ƙare da tattara tsirrai a tsibirin Fernando Po da Dutsen Kamaru, Hooker kuma ya sa wa wata bishiyar fan sunansa, Cyathea manniana. Ita da Cyathea dregei, mai jure wutar daji a bakin rafukan makiyaya, su ne sanannu a tsaunukan iyakar Nijeriya da Kamaru. Dukansu na da ƙoƙo, dukansu kuma yanzu Alsophila ne. Bisa sabon tsari, babu Cyathea ko ɗaya ɗan asalin Afirka, babu Sphaeropteris. Nau'o'in babban yankin nahiyar ba su kai 20 ba, alhali Madagaska ita kaɗai na da fiye da 40, abin da aka fi dangantawa da fari mai tsawo da ya sha shafe dazuzzukan Afirka a zamunnan baya. Waɗanda suka tsira a kan Mambila da Obudu suna cikin shaidun da suka rage.

Don haka ga ɗalibin ilimin tsirrai da zai hau Mambila, ko ya shiga dajin Ngel Nyaki, roƙona kada ya sare bishiyar, kada kuma ya tsaya ga reshen tsakiya. Ya yanko ganye ɗaya tun daga inda ya manne da kututture, da ɓamɓarokinsa da ƙayarsa, ya rubuta tsawon bishiyar da wurin da ya same ta, ya busar da ɗan guntun ganye daban domin gwajin DNA, sannan ya ajiye samfurin a ma'ajiyar tsirrai ta jami'arsa inda wani zai iya dubawa.